Mai Tsaron Motar Kifi

A bakin titin Birnin Kudu wani dattijo ke tsaye jikin motar ɗanyen kifi, hularsa jiƙe da gumi. Injin sanyaya kayan yana mutuwa yana tashi, shi ke ta lallaɓa shi. In ya gusa, kifin mutane ya ruɓe.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, can ya ce, "Kada ku jira ni, Khalifa. Ku kai ta makwancinta."

Mai shayin gefe ya ce, "Baba, ai garinku Kwandiko ba nisa."

"Amana ce, ɗana."

Ko matarsa ce, ko 'yarsa, bai faɗa ba. Ya tsuguna gindin taya ya ɗaga hannu, yana yi mata addu'a, mai shayi kaɗai ke cewa amin.