Ƙarfen Da Goggo Hauwa Ta Riƙe

Da sunan Allah nake farawa, ina roƙon Ya sa abin da zan faɗa ya amfani wanda ya karanta. Ba zan faɗi sunana ba, kunyar da na jawo wa danginmu ta ishe su.

Ni mace ce daga wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, kusa da Abu Hujar. Mahaifina manomin albasa ne da kuɓewa. Shi ya dage na yi sakandare a Sinja lokacin da sa'o'ina duk suna ɗakunan mazajensu, na fito ina karanta Larabci sosai, Turanci kuma daidai gwargwado. Matan unguwa sukan kawo mini kwalin magani in duba musu yadda ake sha. Ban taɓa karɓar ko kofin shayi a kan haka ba. Ina salla a kan lokaci, ina tsoron haƙƙin mutane. Da wani ya ce mini zan shiga gidan yari, da na yi masa addu'ar samun lafiya.

Na yi aure, na haihu sau biyu, duk suka koma tun ba su yi wayo ba. Da zancen zinariya ya tashi a arewa, maigidana ya bi ayarin masu haƙa. Da farko yakan kira. Daga baya sai ya zama ni ce ke kira, wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Gidan ya yi mini faɗi. Nakan dafa abinci in zauna ina kallonsa har ya huce. Mutum ɗaya ce ke leƙo ni, Goggo Hauwa, maƙwabciyata, ƙawar marigayiya mahaifiyata. Ita ta yi wa yarana biyu wankan ƙarshe. Kowace hantsi za ta shigo da 'yar tukunyar jabana, wato gahawarmu mai citta, ta ce, "Ɗiyata, taso ki sha. Mi kika zamna yi awa wadda aka aje?"

Wata rana na tafi Sennar neman maganin haihuwa. A kasuwa na tarar da layi a ƙofar wani shago. A ciki wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, ana ce masa Ustaz. Gabansa kwamfuta ce da wani ɗan akwati, da waya mai ɗauke da guntun ƙarfe kamar mariƙin ludayi. Ya tambayi shekaruna da nauyina ya rubuta, ya ce in riƙe ƙarfen. Sai ga hoton jikin mutum a allon kwamfutar, da layuka kore da ja. Ya ce wannan jihaz, wato na'urar, tana da ƙwaƙwalwa irin ta mutum, ta haddace ilmin likitocin duniya, kuma ba ta gajiya balle ta yi kuskure. Ni kuwa sai na fara karanta Turancin da ke kan allon a fili. Ya juyo ya dube ni.

"Kina karanta wannan? Daga ina kike?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Matanku ba sa son likita namiji ya duba su, na sani. Wannan ba sai an tuɓe ba. Ki tafi da guda ɗaya, ki riƙa gwada su, ki sayar da ƙwayoyin da zan ba ki, mu raba."

Wallahi a lokacin na ɗauka aikin lada na samu. Na dawo da na'urar da batirin mota, na shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa. Kafin a ce me, gidan da ko kaza ba ta shigowa ya cika da mata. Daga ƙauyukan ƙetare ma ana zuwa a kwalekwale. Mace za ta gyara tob ɗinta, wato dogon mayafinmu, ta yi bisimilla, ta riƙe ƙarfe, ni kuma in fassara mata da Hausa: ƙashinki ya yi rauni, jininki ya yi ƙasa, akwai kitse a hanta. Sai ta ce, "Ikon Allah! Wallahi gwiwar nan ba ta barina barci." Wata tsohuwa mai barkwanci ta ce, "Ce mishi ya duba man ko haƙoran ga za su sake tsirowa, in ci nama kahin in mutu." Aka kwashe da dariya. Rabon da a yi dariya a tsakar gidana har na manta. Aka fara ce mini hakima, wato likita. Ban hana ba.

Ranar da na gane gaskiya, ba wani ne ya faɗa mini ba. Mata sun watse, na naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma don in goge gumin hannaye, sai hannuna ya taɓa maɓalli. Na'ura ta fara aiki. Da ta gama, ta rubuta cewa akwai kitse a hanta da raunin ido. Tsumma fa. Na ɗora ƙarfen a kan ƙullun kisra, wainar dawarmu, ta ce yana da ciwon ƙoda. Na ajiye shi a ƙasa ba mai riƙewa, na canza shekaru, ta canza cututtuka. Na kira Ustaz. Dariya ya yi.

"Ya ustaza, wace tsohuwa ce ba ta ciwon gwiwa? Ƙwayoyin nan ba sa kashe kowa. Ke dai karanta abin da jihaz ya rubuta. Ai ba ke kika faɗa ba."

Na tura na'urar ƙarƙashin gado, na yi niyyar mayar masa da kayansa. Washegari na ce wa mata batir ya mutu, suka juya. Na zauna a rumfa ni kaɗai, ba abin da nake ji sai kukan kurciya. A rana ta uku da aka yi sallama a ƙofa, sai na ga hannuna ya jawo akwatin. Na ce wa zuciyata, ba ni nake faɗa ba, na'ura ce. Ku lura da wannan, yara. Ba yunwa ce ta sa ni ba. Tsoron zama ni kaɗai ne, da daɗin a kira ni da sunan da ban cancanta ba.

Duk wannan lokaci Goggo Hauwa ba ta taɓa riƙe ƙarfen ba. Takan ce ita lafiyarta lau, ta zuba wa baƙi jabana kawai. Sai wata rana bayan la'asar ta tsaya har kowa ya tafi. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Ɗiyata, akwai wani abu nan." Ta dafa ƙirjinta na hagu ta saman tob. "Ƙullutu ne, awa ƙwallon dabino. Matar Isiyaku ta gani wurin wanka ta hwaɗa mishi."

Isiyaku ɗanta ne, yana aiki a gonakin auduga a Jazira. Ya aiko cewa zai zo ya kai ta babban asibiti a Madani.

"Mace ta kai shekaruna ta buɗe ƙirji gaban ɗan cikinta? Malam mijina ya tahi kabari shi kaɗai ya san jikina. Ki tambaya man jihaz. In ya ce in tahi, in tahi."

Ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ta rufe ido, bakinta yana motsi. Na'ura ta rubuto abin da take rubuta wa duk mai shekarunta: raunin ƙashi, iska a ciki. Layin da ke wajen ƙirji kore ne. Na san koren nan ba shi da wata ma'ana. Na san abin da ya kamata in faɗa, har ya zo bakina. Amma na hango kafin magariba duk ƙauye ya ji cewa hakima maƙaryaciya ce, na hango rumfata babu kowa, har da ita Goggo.

Na ce, "Kore ne, Goggo. Bai ga komai a nan ba."

Ta saki ƙarfen ta faɗi ta yi sujada a kan tabarmata. Da ta ɗago, hawaye ne a fuskarta, tana shi mini albarka. Da Isiyaku ya kira, ta miƙo mini wayar. Ya ce, "Yaya, kin tabbata?" Na ce masa na'ura ce ta zamani, ba ta kuskure. Ya ce to alhamdulillahi, ya fasa tahowa.

Damina ta wuce, aka yi girbin dawa. Goggo ta fara ramewa, ta daina ɗaga hannun hagu. Ta riƙa turara tufafinta da yawa fiye da da, sai daga baya na gane wari take ɓoyewa, don wurin ya fashe. Ni na riƙa wanke mata shi da ruwan ɗumi da gishiri. Kullum ina cewa yau zan faɗa mata, kullum ina fitowa ban faɗa ba. Da Isiyaku ya zo ya gan ta, bai tsaya shawara da kowa ba, ya sa ta a mota. Likitocin Madani suka ce ciwon daji ne, ya bazu, da an zo da wuri da akwai abin yi. Aka dawo da ita gida.

Na shiga na zauna a gefen gadonta, na kasa haɗa ido da ita. Ta laluba hannuna ta riƙe.

"Kar ki sa wa ranki komi, ɗiyata. Jihaz ɗinki bai yi ƙarya ba. Bayan nan ne abin ya shiga."

Ko a nan ban buɗe baki ba. Ta rasu tana kare ni.

Bayan an share makoki Isiyaku ya kai ƙara. 'Yan sanda suka zo da ma'aikatan lafiya, suka kwashe na'ura da ƙwayoyi, suka sa ni a bayan mota. Matan da ke cika rumfata suna leƙe ta kan danga, babu wadda ta fito. Ustaz kuwa an je an tarar da shago a rufe, har yau ban san inda yake ba. A kotu wani ya ba ni shawara in ce ni ma yaudarata aka yi, ban san komai ba. Da alƙali ya tambaye ni ko na san na'urar ba ta aiki, sai na ba shi labarin tsumma da ƙullun kisra. Babu wanda ya sani sai ni da Allah, amma na gaji. Isiyaku ya rufe fuska da rawaninsa. Aka yanke mini ɗauri.

A gidan yarin mata akwai hayaniya, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na can ba. Babu mai jin Hausa a ɗakinmu. Ranar ziyara ana kiran sunaye, ni ina wanki. Yayana ne kawai ya zo, shi ma saƙo ya kawo: maigidana ya sake ni. Na koma ga Alƙur'ani, na yi ta istigfari, amma duk sa'ad da na kai goshi ƙasa sai in tuna sujadar Goggo.

A can ne na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Wata fursuna ta kwanta zazzaɓi, aka kira likita mace mai zuwa duba mu, aka ce in taimaka da riƙe ta. Likitar ta duba ido, ta danna ciki, ta yi tambayoyi masu yawa. Mara lafiyar ta ce, "Me ke damuna?" Ta ce, "Ban sani ba tukuna, sai an gwada jini." Matar da ta yi shekaru tana karatun likita ce ke cewa ba ta sani ba. Akwatina kuwa, tun da na kunna shi, ko tsumma aka ba shi yana da amsa.

Da wa'adina ya cika na koma gidan yayana, aka ba ni ɗakin da ake ajiye buhuna. Na nemi Isiyaku har Jazira, na durƙusa a ƙofar gidansa. Ya fito ya same ni a durƙushe. Sannan ya ce, "Ɗaurin da kika yi na hukuma ne. Nawa na yafe, don ita ta so ki. Amma kada ki sake zuwa, ba na iya kallonki." Na ce na gode. Na hau mota na dawo.

Yanzu ina ganinku da wayoyi a hannu. 'Yar yayana kanta ya yi ciwo, ta tambayi waya, ta karanto mana amsa kamar wadda ta dawo daga asibiti. Ban ce duk abin da waya ta faɗa ƙarya ne ba, akwai ilmi a ciki, ni ma na ƙaru da shi. Amma na'ura ba ta ganin wanda ke gabanta, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Ku tambayi wanda ya haɗa ta da abin da yake sayarwa. Ku gwada ta da abin da kuka riga kuka sani. In magana ta shafi rai, ku kai wa wanda zai taɓa da hannu, wanda za a iya kama shi in ya yi ƙarya. Kuma duk abin da kuka karanto kuka faɗa wa wani, ya zama maganarku, ku za a tambaya ranar gobe.

In akwai tsohuwa a gidanku mai jin kunyar likita, kada ku miƙa mata waya. Ku ɗauki mayafi ku raka ta, ku nemi likita mace, ku tsaya mata a bakin labule har a gama. Abin da ya kamata in yi ke nan, kuma kuɗin mota kawai zai ci.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Goggo Hauwa addu'a. Ni kuma in ya ga dama ya haɗa da ni.