Abokiyar Darar Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ba wanda ya sake cinsa a dara. Abokansa sukan zo zaure bayan la'asar, su haƙa gurabe a ƙasa, su yi ta tafka kuskuren da ko yaro ba zai yi ba. Baba kuwa jiki ne ya gaza, kai yana nan garau. Wata rana ya share guraben da hannunsa mai lafiya, ya ce ya gaji da karɓar sadaka. Daga nan ya bar wasa, magana ma ta ragu, sai kallon bango.

Lokacin ina koyar da lissafi a kwalejin Madarumfa, ƙarshen shekarun casa'in. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na samu sa'ad da wani furoje, wato shirin bunƙasa noma, ya naɗe tabarmarsa. Kusa da randa muka ajiye ta don nan ya fi sanyi, Inna har riga ta ɗinka mata da ragowar atamfa. Na ce to, tunda mutane sun kasa, bari in koya wa wannan dara, ita dai ba ta san tausayi ba.

Da yaren kwamfuta na Pascal na rubuta shirin. Har gobe ina son yaren nan, ba ya barinka ka ɗora tukunya sai ka jera kayan miyarka duka a gaba. Taubashina kuwa, ɗan gwaggona mai gyaran kwamfuta a Katsina, ya mutu a kan yaren C. In ya zo sai ya ce Pascal yaren 'yan lakwal ne, wato 'yan makaranta, ni in ce C wuƙa ce marar kube, wata rana mai ita za ta yanka. BASIC kaɗai muke haɗuwa mu zaga, alhali da shi dukanmu muka yi rarrafe.

Da na gama, na zaunar da Baba gaban allon, yana faɗin gurbi ina danna masa. Ya cinye ta tas. Muka sake, ya sake cinye ta. Sai ya dube ni ya ce, "Ita ma kin gaya mata ba ni da lafiya ne?"

Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo.

Taubashina ya ce in ba shi rubutun shirin gaba ɗaya, ya kai wa masu sha'awa su sa hannu. Na ƙi. Wahalata ce, kuma ina kunyar a ga inda na yi kwaɓa.

"Ke dai rowa," in ji shi. "Kin taɓa ganin iri ya yi yaɗo a cikin rumbu?"

Na ba shi faifan disket ɗin da shirin ke ciki ina harararsa, da sharaɗin duk wanda ya gyara ya bar gyaransa a buɗe don na gaba.

Sai bayan kaka ya dawo da shi ta kan iyakar garin Ɗan Issa. Na buɗe, na kusa kuka. Marasa kunyar nan sun juye mini aiki zuwa C! Ga bayanai a gefe, wani da Turanci, wani da Hausa, wani ma ya rubuta cewa mai shirin farko ba ta san dara ba. Gaskiya ya faɗa, amma har yau ban yafe masa ba.

Da ƙyar Baba ya yarda ya zauna. Wasa ya yi nisa, na ga ya daina jingina, ya matso gaba. Yakan daɗe kafin ya faɗi gurbi. Can sai kwamfutar ta jera uku ta ɗauke masa ɗa, ta ƙara, ta ƙara, har ya rasa na motsawa.

Inna daga bakin ƙofa tana yi mini alama in kashe abin.

Baba ya daɗe yana kallon allon. Sannan gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Wa ya koya mata wannan mugunta?"

"Mutane ne da yawa, Kawu," in ji taubashina. "Wasu ko ni ban san su ba."

"To, ka gaishe su." Ya gyara zama, ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ke kuma me kike jira? Sake zubawa."