Abin da Inna ta gani a kwanon wanka

Ɗan fari ba naka ba ne, haka aka raine mu a Ridina. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban manya. Da na haihu gida na koma wanka, Inna ce ke yi wa jaririn komai. Bayan yaye ma ita ta riƙe shi, ni ina can gidan mijina a Gassi, sai ranar Juma'a nake hawa kar, motar haya, in zo in saci kallonsa.

Sau ɗaya na yi magana. Ina canza masa tsumma na ga jakar marainansa a shafe, kamar ba komai a ciki. Na ce, "Inna, haka ake?"

Ta kwaɗe min hannu. "Ke, ba ki da kunya? Ɗan farin naki kike lalube? Sanyi ne, za su sauko."

Na ɗaura masa tsumman. Yarinya ce ni, ban taɓa rainon namiji ba, kuma wa zai ƙaryata uwarsa?

Sai da ya isa shiga lekol, makarantar boko, aka kira wanzami don kaciya. Mutumin ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, mu nufi asibiti.

Likita ta ce 'ya'yan marainan duka biyu sun maƙale a sama, ba su sauko ba. Da an kawo shi tun yana goye, aikin ya fi amfani. Yanzu ma za a yi, amma batun haihuwa idan ya girma, ba za ta yi min alkawari ba. Sai ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu, don wani lokaci yana bin jini, ko da yake ba kullum ba.

Na ce babu. Har rantsuwa na yi, wallahi!

A tsakar gida na sami Inna tana tsinar shinkafa, na zayyane mata komai. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na yayanki ma haka muka yi ta jira," in ji ta.

Yayana! Wanda ya saki mata biyu, muna zaginsu da juya, Inna na kan gaba. Ashe ta sani. Tun wankan farko da ta yi wa ɗana ta gane abin da hannunta ya taɓa.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa, dangin mijinki su ce daga gidanmu ne? Rufin asiri na yi miki."

Rufin asiri. Da jikan da watakila ba zan samu ba kika biya shi, da ɗana! Ban taɓa jin an ci amanata irin ranar ba, kuma har yau zafin bai huce ba.

Yaron yana bakin zaure yana wasa. Na miƙe, na buɗe murya a gabanta na kira shi da sunansa na yanka. Bai waiwayo ba. Bai san muryata da wannan sunan ba.