Limamin da Ba Ya Kwana Bayan Ganuwa

Katsina

Ana kiran assalatu na ɗaura wa jakina mangala, na yi sallah, na nufi Ƙofar 'Yandaka. Sunana Habu, autan gidan limaman wani ɗan gari mai ganuwa da ke bayan Tsaskiya. Karatu aka turo ni Katsina, amma maganar gaskiya ƙafata ta fi allona aiki. Duk ayarin da zai tashi, in dai akwai inda zan rataya gafakata, to ina ciki.

Wannan karon kuwa ba yawo ba ne. A cikin mangalar akwai rawani da alkyabba daga fada. Sarki ya ba yayana, Malam Isiyaku, alƙalancin garuruwan yamma, ya riƙa zagayawa yana shari'a. Bafaden da ya miƙo mini kayan ya ce, "Ka kai masa. Rawanin Sarki dai ba ya dawowa, ka ji ko?"

Na ji sarai. Yaya shi ne limamin garinmu, limamin garinmu kuwa ba ya kwana bayan ganuwa. Kakanmu ne ya ɗauki wannan alkawari lokacin da mahara suka tarwatsa ƙasar: mutane su dawo su zauna, shi da duk wanda ya gaje shi ba za su bar su ko dare guda ba. In Yaya ya karɓa ya fita, gari ya watse. In ya ƙi, ni zan koma fada da rawani a hannu, gidanmu ya shiga uku.

Sarkin ƙofa ya leƙo ni da fitilarsa.

"Habu, yau kuma ina ƙafa ta nufa?"

"Gida, ranka ya daɗe."

"Kai da gida? To, Allah ya sa lafiya!"

A bayan ƙofa na shiga ayarin wasu fatake masu kanwa da gishiri. Madugunsu tsoho ne, Baba Tanko, dogo, ido ɗaya ya yi fari. Aka ce mini ƙuruciyarsa duk a Tarabulus ya yi ta.

Batsari

Mun kwana a zango a hanya, washegari da azahar muka hango duwatsun Batsari. Kaka ce, gero ya sunkuya, tsuntsaye sai shagali suke yi. 'Yan baka masu gadin hanya suka tsayar da mu, suka lalube kaya, da suka ga alkyabbar fada suka ja da baya har da durƙusawa. Muka sauka gindin wata tsamiya, matar mai zango ta kawo dambu da mai, na ci har na manta da damuwata.

Akwai wani dutse a wurin, ƙato ya hau kan ƙarami, ka rantse iska za ta ture shi. Na tsaya ina ta salati. Baba Tanko ya yi dariya.

"Ɗan malam, wannan ai Allah ne ya ɗora, ba abin mamaki ba ne a wurinsa. Ni na ga inda mutane suka ɗora."

Ya ce a bakin teku, gabas da Tarabulus, akwai kufan birnin Rumawan dauri. Ginshiƙai na farin dutse, kowanne ya fi giginya tsawo, mutum uku ba sa rungume shi. Hanyoyi shimfiɗe da dutse, har sawun ƙafar kekunansu ya ci su. Ba kowa a ciki sai ƙadangaru da rairayi. Wani Banasare da yake yi wa dako ne ya kai shi, ya karanta masa rubutun da aka sassaƙa a jikin wani dutse: sarautun da wani mutum ya riƙe, a jere, daga ta ƙasa har ta sama.

"Su a wurinsu sarauta hawa-hawa take kamar tsani," in ji Baba Tanko. "Ka fara da ma'aji, ka zama mai kula da kasuwa, ka zama alƙali. Can ƙoli kuwa mutum biyu ne, ba ɗaya ba. Shekara na zagayowa su sauka, a naɗa wasu."

"Su sauka da ransu, Baba?"

"Da ransu da lafiyarsu."

Na zauna ina kallon dutsen Batsari, sai na ga ya ƙanƙance.

Darini

Da hantsi muka kama hanyar Darini. Na jera jakina da na Baba Tanko, na hana shi sakat sai da ya ci gaba.

Ya ce Banasaren ya ba shi labarin wani mutum a babban birnin Rumawan, sunan dai ya gagari harshensa. Ɗan gidan asali ne, irin gidajen da a cikinsu kaɗai ake ɗaukar mai hidimar babban gunkinsu. Yana saurayi ya gagari kowa da shashanci, sai manya suka kama shi suka naɗa shi wannan hidima ba da sonsa ba. Ita kuwa hidimar ɗauri ce. Ba ya hawa doki. Ba ya kallon mayaƙa in sun yi shirin yaƙi. Ba a ƙulla masa ko zare a tufa, ba ya rantsuwa, ba ya nisa da birni.

"Sai ya natsu," in ji Baba Tanko. "Ya natsu har mutane suka ce shi suke so ya kula musu da kasuwa. To ga shi ba a hawa sarauta sai an rantse, shi kuma rantsuwa haramun ce a kansa. Gari ya rasa yadda zai yi. Sai ƙanensa ya fito gaban jama'a ya rantse a madadinsa. Aka karɓa. Daga baya har alƙalanci ya riƙe, bai kuma saki hidimar gunkin ba har ya mutu."

Na yi a'uziyya saboda gunkin, amma zancen ƙanen ya shige ni. Ashe har waɗanda ba su san alƙibla ba sun taɓa shiga irin matsin da muke ciki, sun kuma fita! Kafin mu isa Darini na gama shirya komai a raina. Yaya ya karɓi rawani ya zauna a masallacinsa, ni in hau doki in zagaya ƙasa da sunansa. Har na fara jin ana ce mini wakilin alƙali. Wata Bafulatana ta dama mana fura da kindirmo a bakin rijiya, ta tambayi fataken ko lafiya yaron nan yake murmushi shi kaɗai.

Safana

Daga nan hanya ta bi gefen daji. Muka yi shiru, aka ɗaure ƙararrawar jakai da tsumma. Mun wuce kufai guda, rumbuna sun zube, kuka ta tsiro a tsakiyar masallaci. Wani bafatake ya ce nan ma gari ne sosai, mutanensa suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa garinmu na gani a wurin.

A Safana muka rabu da ayari. Baba Tanko ya ba ni goro, ya ce, "Ka gaishe da malam. Kai kuma ka rage sauri." Na kwana gidan wani abokin mahaifinmu, aka yi mini tuwon gero miyar kuka, da asubar Juma'a na ratsa Tsaskiya.

Gida

Na tarar da Yaya a zaure yana ba yara karatu. Rabona da shi an daɗe, gemunsa ya yi fari fat. Mutumin nan ladanci ya fara yi, ya yi na'ibi, ya auna zakkar gari, sannan ya gaji mahaifinmu, tun ranar kuwa rana ba ta taɓa faɗuwa yana waje ba. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi lafiyar malamaina ɗaya bayan ɗaya, sannan na kwance kaya.

Labari ya riga ni. Kafin a jima ƙofar gida ta cika. Wata tsohuwa, Inna Kande, ta kutso har zaure da sandarta.

"Malam, in za ka fita ka gaya mana da wuri, mu ɗaure tabarminmu. Ni dai ba zan kwana garin da ba liman ba."

"Je ki gida, Inna. Liman na nan."

Da aka watse na zayyana masa labarin Baba Tanko kaf, na ɗora da dabarata. Ya saurara yana jan tasbaha.

"Ikon Allah," ya ce. "Ka ga mutane, ba littafi, amma sun san girman alkawari. Ƙane ya tsaya wa wansa, wannan daidai ne."

Na ji daɗi, baki har kunne.

"Sai dai Habu, Sarki ni ya ambata. Shari'a kuwa ba a ba da aronta, wanda ya yanke shi za a tambaya ranar gobe. Tashi ka yi wanka, lokacin Juma'a ya yi."

Ban fahimta ba sai a masallaci. Masallacin ya cika maƙil. Yaya ya miƙe, ya ce ya karɓi rawanin Sarki. Wuri ya ɗauki guna-guni. Sai ya ce kakanmu bai yi alkawari da sunan Isiyaku ba, da sunan gidansa ya yi, gidan kuwa yana da wani ɗa. Ya tako har sahun da nake, ya kama hannuna, ya danƙa mini sandar huɗuba.

Na raɗa masa, "Yaya, ni fa ba na iya zama."

"Na sani. Ni ma ban iya ba sa'ad da aka ba ni."

Na dubi sahu. Ga waɗanda suka yi mini kaciya, ga waɗanda na sace wa mangwaro, duk sun zuba mini ido, ba mai dariya. Na so in ce a'a, Allah ya sani na so. Na hau mumbari, na yi huɗuba, na ja sallah.

Bayan la'asar Yaya ya naɗa rawani. Ba shi da doki tukuna, jakina ya hau. Na raka shi har ƙofar gari, na tsaya daga ciki. Ya waiwayo sau ɗaya, fuskarsa kamar ta yaron da aka aika kasuwa karon farko, ya bi hanyar Tsaskiya har gero ya rufe shi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Tanko da masu masaukina na Batsari da Safana, Allah ya saka musu. A daren nan ba wanda ya ɗaure tabarma a garinmu. Wannan ita ce tafiyata ta ƙarshe.

Da rana ta faɗi mai gadi ya turo ƙyaure, ya dube ni.

"Liman, a rufe?"

Na ce, "Rufe."