Mai Raba Safa a Bakin Tasha

Kowace Laraba tana zaune a bakin tashar jirgin Antwerp, kai fal furfura, ruwa na ɗiga daga lemarta. Ungozoma ce, amma safa take rabawa, kowace safa da katin asibitin tazarar haihuwa a ɓoye a ciki.

Wata mai tura keken jariri ta tsaya. "Mama Griet, safa kuma? Ƙafa nawa gare ni?"

"Karɓi dai, 'yata. Allurarki ta tazara ranar Juma'a ce."

Can sai ga matar tare da mijinta, ta wuce ko kallo babu. Tsohuwar ta sunkuya tana ninke safa. Ina jin ita ta koya wa matan su yi kamar ba su san ta ba. Ta san sirrin rabin matan unguwar, amma ba mai gaishe ta a hanya.