Kaltumi Mai Ruwan Zafi

A unguwar Bilbis ta garin Tawa, in mace ta haihu kuma uwarta na nesa, Kaltumi ake aika wa. Mutuniyar Bambeye ce, aure ya kawo ta birni tana ƙuruciya. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyu da ɗiya mata huɗu, kuma da wankan jego ta ciyar da su har ta aurar da su duka.

A wajen gwaggonta ta koyi sana'ar. Da sassafe take hura wuta ƙarƙashin rabin tano, wato gangar ƙarfe, ta bar ruwan ya tafasa har ya riƙa tsalle, sannan ta tsoma damin ganyen sabara da dogon yaro ta dinga fyaɗa wa mai jego a jiki. Safe da maraice ake yi, har a yi arba'in. Bayan wanka sai kunu: gero, yaji, da kanwa mai yawa, wadda in an kurɓa sai harshe ya yi santsi. Abin da ake gudu shi ne sanyi. Kowace mace a nan ƙasar Adar ta san in sanyi ya shiga jikin mai jego sai ta kumbura, ta yi ta tari, wani lokaci ta tafi ta bar jariri. Mata kan ce hannun Kaltumi da zafi, kuma babu yabon da ya fi wannan a aikinta.

Aiki bai taɓa yanke mata ba. Mazan Adar ba mazauna gida ba ne, da an gama girbi sai su nufi Abijan biɗar kuɗi, su bar mata da ciki. Ko a shekarun da ma'aikatan gwamnati suka riƙa yin watanni babu albashi, ita tana samun tiyar hatsi, sabulu, wani lokaci zane.

A shekarar da aka karya darajar kuɗi, autarta Haula ta zo gida haihuwar fari. Mijinta Ma'azu yana Abijan yana tallan agogo. Ta sauka lafiya, namiji. Bayan suna baƙi suka watse, amma uwar mijin, Rakia, wadda ta zo daga Takanamat, ta shimfiɗa tabarmarta a ɗayan ɗakin ta ce sai ta ga arba'in da idonta.

Kaltumi ta yi wa ɗiyarta wankan da ba ta taɓa yi wa ɗiyar wani ba. Itacen da ya fi kyau ta saya, kanwar da ta fi tsada ta jiƙa. Duk da haka, ba a daɗe ba ƙafafun Haula suka fara kumbura. In ta je bayan ɗaki ta dawo sai ta dafa bango tana haki. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da buhun hatsi ta yi gyangyaɗi a zaune.

Rakia ta danna yatsa a ƙaurin yarinyar, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta dubi Kaltumi ta ce, "Uwar ɗiya, sanyi ne. Ke da ake yabo gari duka, taki ta gida kika yi wa ruwan ɗumi?"

Maganar ta soki Kaltumi, domin ita ma abin da ta gani ke nan. Ta ƙara itace. Ta ninka kanwa. Ta haƙa rami ƙarƙashin gadon ƙasa ta zuba garwashi, ta sa Haula ta kwanta a kai gumi na zuba. Kumburin ya hau har ciki. Ta sake ƙara kanwa.

Maƙwabcinsu Sabo, mai share-share a asibiti, shi ya leƙo wata safiya ya ji numfashin Haula tun daga zaure. Ya ce ma'aikata na yajin aiki, amma akwai wani likitan zuciya da ya zo daga Yamai da na'urarsa, masu jego kawai yake nema, kuma jibi zai koma. Rakia ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Kaltumi ta shiga ɗaki ta dubi leɓɓan ɗiyarta, ta fito ta ce wa Sabo ya nemo amalanke.

Likitan, Habibu, siriri ne mai tabarau, Hausarsa ta Damagaram. Ya shafa wa Haula wani mai a ƙirji, ya ɗora wani abu kamar kan muciya, sai hoto ya fito a gilashi irin na talabijin. Ya juya gilashin wajen Kaltumi.

"Inna, matso ki gani. Wannan zuciyar ɗiyarki ce."

Kaltumi ta ga wani abu baƙi-baƙi yana motsi a hankali, kamar salkar da aka cika ta wuce kima.

"Ta buɗe, ta yi laushi," in ji shi. "Ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Me take sha?"

"Kunu. Na kanwa. Ban rage mata komi ba, likita, Allah shina gani. Har ƙari na yi."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce shekara da shekaru yana bin wannan ciwo na masu jego, yana adana hoton zuciyar kowace mace a cikin na'urar don ya gwada da na wasu, kuma har yanzu su likitoci ba su gama sanin mafarinsa ba. Amma abu ɗaya ya tabbata: kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya gudu, zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar ko ɗaya.

"Daga yau babu kanwa, babu ruwan zafi, babu garwashi. In an ci gaba, ba na jin za ta ga arba'in ɗin."

"To sanyin hwa?"

"Ba sanyi ba ne, Inna. Ruwa ne."

Ya ba su ƙwayoyin da ke sa fitsari daga cikin jakarsa, ya rubuta wasu a saya a farmasi, ya ce in da hali a kai ta Yamai ya ci gaba da dubawa. Halin ne babu. Kuɗin magani ya ninka a shekarar, kuma matar aure ba ta tafiya Yamai sai da izinin miji, mijin kuwa saƙo kan yi wata bai same shi ba.

A hanyar komawa Kaltumi na tafe gefen amalanke, tana tuna matan da ta yi wa wanka suka kumbura. Ba su da yawa, amma ta san sunan kowace, ta san gidajen. A kowane gida an ce sanyi ne ya riga ya shiga, an kuma gode mata da ƙoƙari.

A gida ba ta iya faɗa wa Rakia ba. In ta ce likita ya hana wanka, Rakia za ta kwashe surukarta da jikanta zuwa Takanamat a ƙarasa a can, kuma tana da iko, domin ɗa nasu ne. In ta yarda da bakinta cewa kunun na cutarwa, ta kashe sana'arta. Saboda haka washegari ta hura wuta kamar kullum, hayaƙi ya tashi kowa ya gani. Ta ja Haula bayan zana, ta zaunar da ita nesa da tururi, ta dinga fyaɗa ganyen a kan turmi, ruwan na malala ta rariya. Ta goge mata jiki da ruwa mai ɗumi. Kunu kuma ta dama kashi biyu, na Haula babu kanwa.

Haula ta ce a hankali, "Inna, turmin nan zai riga ni warkewa."

"Rufe bakinki, Auta. Yi ɗan kuka uwar mijinki ta ji."

Haka aka yi ta yi. Ƙafafun suka fara saɓewa, Haula ta soma kwanciya da haƙarƙari. Rakia ta ce, "Kin gani? Da kin sa hannu tun farko da ba a kai ga asibiti ba." Kaltumi ta ce haka ne.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne sauran gidajen. A lokacin tana yi wa wata matar tela wanka a unguwar Wadata. Can babu zanar da za ta ɓuya, dangin miji na tsaye a kanta. In ta ɗebo kanwa sai hannunta ya tsaya. Ta riƙa ragewa, tana surka ruwan in an kau da ido. Ba a jima ba aka fara cewa Kaltumi ta tsufa, hannunta ya huce.

Wata safiya jaririn ya yi ta kuka, Rakia ta ɗauko shi ta zagayo bayan zana neman uwarsa. Ta tarar da Haula zaune a kujera da zanenta a bushe, Kaltumi kuma na dukan turmi da ganye. Ta tsaya. Ta ɗauki kwanon kunun da ke gefe ta kurɓa, ta tofar.

"Mi ne ne wanga? Turmi kika haihwa, ko shi ɗana ya aura?"

Kaltumi ta ajiye ganyen. Ta faɗa mata duk abin da likita ya ce, har da hoton da ta gani.

"Likitan ya taɓa haihuwa?" in ji Rakia. "Ni tara na haihwa, kowane da kanwa na tashi. Ke ma haka. Yau a haɗa kaya, mu tahi Takanamat in yi abin da uwarta ta kasa."

"Ba ta zuwa ko'ina, Yaya."

"Matar ɗana ce."

"Awo, matar ɗanki ce. Ranar da ya zo ya ce in ba shi, sai in ba shi. Amma ba ta shan kanwa, ko a nan ko a can, ina da rai."

Muryoyinsu sun kai waje, mata sun taru a bakin zaure. Kaltumi ta ga fuskokinsu, akwai waɗanda ita ta yi musu wanka, akwai wadda ƙanwarta ta rasu da kumburi. Ta san duk sun ji, kuma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Rakia ta tafi a motar kasuwa ranar, ba ta ɗauki jaririn ba don yana nono. Ta aika wa ɗanta saƙo ta bakin wani mai komawa Abijan. Amsar ta daɗe, da ta zo kuma ba saki ba ce, ba biko ba ce. Ya ce a bari sai ya dawo. Damina biyu ta wuce bai dawo ba.

Daga wannan shekara ba a sake aika wa Kaltumi ba. Wasu sun ce ta yi wa ɗiyar cikinta ha'inci, me za ta yi wa ta wani. Wasu sun ce in har ta san kunun na kisa, to ta daɗe tana yi. Wata mata daga Tebaram ta karɓe gidajen, kuma an ce hannunta da zafi. Kaltumi ta sayar da rabin tanon ga masu rini, ta koma dakau da tallan ƙuli-ƙuli a bakin tasha.

Haula ta rayu. Ba ta daka, ba ta jan guga, in ta ɗauki yaron ta yi taku kaɗan sai ta zauna. Likitan bai sake zuwa Tawa ba a iya sanin Sabo, sai dai takardar maganin da ya rubuta suke kaiwa farmasi, wani wata a saya duka, wani wata rabi. Duk safiya kafin ta fita, Kaltumi kan durƙusa ta danna yatsa a ƙaurin ɗiyarta ta jira ta ga ko wurin zai dawo, sannan ta ɗauki tirenta.