Tirelar Baba a Ƙofar Baffa

Yau shekara biyu da rasuwar Baba, yau kuma na gama fentin tirelarsa, tsohuwar nan mai ɗakin kwana da masu aikin hanya suka bari. Duk Juma'a yakan shafa wa ƙofarta man gyaɗa. Har yanzu ƙamshin na nan.

Wata rana muna zaune a inuwarta, Baffa, ƙanen Baba, ya leƙo yana dariya: "Yaya, akurkin kajin nan naka bai gyaru ba?"

Baba ya ce, "Za ta tashi."

Ko sadakar arba'in ba a yi ba, Baffan nan ya cika ta da takin awaki. Da hannuna na kwashe, ban kuma yafe ba. Na sa mata tayoyi, shanu suka jawo ta har daidai ƙofar gidansa.

Allah ya jiƙan Baba. Baffa kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido.